Ƙwaya Biyu a Kwandon Sabrin

Ranar Alhamis da azahar Sabrin ta sauko daga benen Midhat, mijin da ya sake ta, rungume da injin shaƙar maganin 'yarta Tuka a cikin leda, tana dafa bango. A ƙofar gida ta tarar da uwar Midhat zaune kan kujerar mai gadi, da burodi mai zafi a cinya tana fifita shi da mayafi. Tsohuwar nan ce ta rantse mata a waya cewa tana gida, ba za ta motsa ko nan da can ba, ta zo ta ɗauki injin ta tafi abinta. Ita ce kuma, Sabrin na shiga ɗaki, ta tuna ba ta sayi burodi ba, ta fita ta ja ƙofa.

"Har kin fito, 'yata?" in ji tsohuwar. "Ai da kin tsaya kin ci abinci."

Sabrin ta wuce ta shiga layi.

Abin da Midhat ya yi mata a ɗakin nan bai ɗauki lokaci ba, kuma ba baƙonta ba ne, shekara shida ta yi tana shan irinsa. Ta ce a'a, ta ture shi, ta cije shi a hannu, duk a banza. Da ya gama sai ya tashi ya gyara wuyan rigarsa a gaban madubi, ya miƙo mata ledar da hannunsa, ya ce ta gaida Tuka. Bai ce ya mayar da ita ba, bai ce komai ba, kuma shirun nan ya fi abin da ya yi tsorata ta.

Saki ɗaya ya yi mata, ranar da ya fasa mata leɓe don ta bar tagar baranda a buɗe. Yayanta Ragab, mai shagon kayan gyaran famfo a ƙasan gidansu, shi ya je ya ɗauko ta da yarinyar. Kada a ɗauka tausayi ne ya kai shi. Ragab mutum ne mai son a ce ya isa, kuma leɓen ƙanwarsa ya kumbura ne a gaban jama'a. A gidan shayin bakin titi, cikin maza, ya nuna Midhat da yatsa ya ce in ya kuskura ya yi kome, shi da kansa zai ɗauki lauya ya kai ta kotu ta fanshi kanta. Ita kuma ya ba ta sharaɗi ɗaya tak.

"Kada ki taka gidansa, kada ki buɗe masa ƙofa. Ranar da kika kunyata ni, babu ni babu ke."

Ta kiyaye har ranar nan. Tuka ce ta kwana biyu ƙirjinta na busa, injin yana can gidan uban, Ragab kuma kullum sai ya ce gobe zai aika a karɓo. Jini ɗaya ya rage wa Sabrin ta fita idda ta zama tata. In kuwa ciki ya shiga, idda sai ta haihu, kuma ba sai wani ya kai wa Ragab labari ba, cikin da kansa zai kai.

Ta nufi ƙaramin asibitin unguwa. An riga an tashi, sai wata nas mai ƙiba tana kokawa da kwaɗo a ƙofar ɗakin tazarar haihuwa, jakarta a hammata.

"An rufe. Sai Lahadi."

"Don Allah, Anti, tambaya ɗaya ce."

Ta matsa kusa ta yi tambayar a hankali. Nas ɗin ta kalle ta daga mayafi har takalmi.

"Yaushe abin ya faru?"

"Ɗazu."

"To me ya hana ki tunani kafin ɗazun? Ku dai sai an gama sannan hankali ya dawo." Ta danna kwaɗon ya shiga. "Akwai ƙwaya, biyu ne a kwali, a kemis ake samu, mu nan ba mu da ita. Cikin kwana uku ake sha, amma yau ta fi gobe, gobe ta fi jibi. Ba zubarwa take yi ba, hanawa take yi tun bai shiga ba. In ta wuce ki sai robar mahaifa, ita tana kaiwa kwana biyar, amma likita sai Lahadi. Wasu kuma su haɗiye ƙwayar tazara da yawa su wuni suna amai, ni dai ban ce ki yi ba." Idonta ya sauka kan yatsan Sabrin, inda zobe ya bar farin zane. "Ke matar aure ce?"

"E. A'a. Wato..."

"Ki samo amsa ɗaya kafin Lahadi, don likita za ta tambaya."

A garinmu kemis ba wurin sirri ba ne. Dakta muke ce wa mai shi, ya san wanda ke da basir da wanda ƙarfinsa ya ragu, abin da ya sani kuma matarsa ta sani kafin magariba. Na layinsu ko kallonsa Sabrin ba ta yi ba. Ta tare mai keke ta ce ya kai ta wajen tashar jirgi, inda ba wanda ya san 'yar wa ce.

A kemis na farko wani saurayi ne, gashi ya sha mai, yana latsa waya. Maza uku na tsaye a gaban kanta. Ta jira suka ƙi tafiya, ta sunkuya ta faɗa cikin raɗa. Sai ya juya ya ɗaga murya yana kiran na cikin sito.

"Kai Ashraf! Muna da ƙwayar washegari? Ga wata tana nema da gaggawa!"

Mazan suka waiwayo gaba ɗaya. Wani ya yi tari na ƙarya.

"Madam ce ko budurwa?" in ji saurayin, yana murmushi. "Don in san yadda zan yi bayani."

Daga ciki wata murya ta ce, "Ka ce mata mu nan muna tsoron Allah."

Ta fita fuskarta na zafi, dariyarsu ta raka ta har titi. A na biyu aka ce ba a taɓa jin sunan abin ba, alhali mai maganar bai ko duba kanta ba. Na uku wata mata ce mai tabarau, tana lissafin kaya, ba ta yi wa'azi ba, ba ta ma ɗago sosai ba.

"Ta ƙare. Gobe bayan sallar Juma'a ake kawo mana kaya. Ki dawo, ko ki bar adireshi mai babur ya kai miki."

Dawowa ba za ta yiwu ba. Juma'a Ragab ba ya buɗe shago, kujera yake sawa a ƙofar gida ya zauna, duk mai fita sai ya faɗi inda za shi, kuma ranar ce ake haɗuwa cin abinci a sama wajen Mama. Tun tana tsaye ma wayarta ke rawa a jaka, shi ne. Ta ba da adireshi, ta haɗa da maganin tarin yara don a samu abin faɗa, ta roƙi matar ta naɗe kwalin a takarda.

"Kada ya hau, kada ya ƙwanƙwasa. Ya kira ni, zan sauko da kwando."

Gidansu hawa uku ne a kan shago. Ragab da matarsa Afaf suna na biyu, na ɗaya an ba haya, Mama da Sabrin da Tuka suna na uku. Na ukun nan shi ne ciwon Afaf, don tun kafin Sabrin ta dawo ta riga ta zaɓi kalar fentin da za a yi masa in ɗanta Karim ya tashi aure. Da yammar nan ta hau duba yarinya, ta ga injin yana huci a kan gado.

"Masha Allah, an samu inji. A ina?"

"Aro na yi wajen wata ƙawata."

"Allah sarki. Har da tsagewar murfin, sak irin naku." Ta shafa kan Tuka ta sauka.

Washegari Sabrin ta wanke shinkafa, ta yanka ganyen lalo, ta yanke yatsa ba ta ji ba. Lasifikar masallaci ta yi huɗuba ta gama. Maza suka fito layi-layi da dardumai a kafaɗa, Ragab ya tsaya a bakin gidan shayi yana musu kan ƙwallo. Nan wayar Sabrin ta yi ƙara, mai babur ne.

A unguwarmu macen da ke sama ba ta sauka don burodi ko tumatir. Kowace baranda tana da kwandonta da igiya, a sauke shi da kuɗi, a jawo shi da kaya, daga safe har dare kwanduna na hawa suna sauka a jikin bango, ba mai ɗaga kai ya duba. Shi ya sa Sabrin ta ga babu hanyar da ta fi wannan ɓoyuwa. Abin da tsoro ya mantar da ita shi ne, kwandon hawa na uku sai ya bi ta gaban hawa na biyu.

Mai babur ya cire kuɗinsa, ya saka farar leda, ya ɗaga mata hannu ya tafi. Ta fara ja. Kwandon ya wuce allon shago, ya wuce tagar 'yan haya. Sai igiyar ta tsaya. Ta leƙa ta ga hannu, awarwaro uku a jikinsa, ya fito daga tsakanin shanya ya riƙe bakin kwandon.

"Tsaya, 'yar uwa," in ji Afaf, ta leƙo da kai sama. "Daga kemis ne? Kaina kamar ya rabe, bari in ga ko da na ciwon kai."

"Maganin Tuka ne, Maman Karim. Saki."

"To mene ne na rawar murya? Ba cinyewa zan yi ba."

Sabrin ta ja da iya ƙarfinta. Igiyar ta zame ta ƙona mata tafi, kwandon ya taho da sauri ya bugi ƙarfen baranda, babu nauyi. Ledar tana hannun Afaf. Ta fito da kwalbar, ta fito da ƙunshin takarda, ta warware shi a natse kamar mai ɓare alewa. Ta karanta gaban kwalin, ta juya ta karanta bayansa. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago ta yi murmushi, irin wanda Sabrin ba ta taɓa samu daga wajenta ba.

"Sauko da kwandon in sa miki maganin yarinya."

Sabrin ta sauka da gudu ba takalmi. Ta tarar da Afaf a kicin tana juye miya a kwano, kwalin ba ya ko'ina a fili.

"Ki yi wa Allah, Maman Karim. Ki ba ni. Ki rufa min asiri, Allah ya rufa na 'ya'yanki."

"Haba, Sabrin, me kika ɗauke ni? Ni ba mace ba ce?"

"To ba ni in sha yanzu. Lokaci ne da shi."

"Da cikin wofi? Ya illata ki? Bari a ci abinci, sai mu zauna ni da ke." Ta miƙa mata kwanon. "Riƙe min wannan, da zafi."

Haka Sabrin ta hau bene ɗauke da miyar matar yayanta, tana bin ta a baya, tana gaya wa kanta ƙila ta yi mata mummunan zato duk shekarun nan. Mutum in ya matsu ba abin da ba ya yarda da shi.

Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka zuba shinkafa da miyar lalo da kaza. Ragab ya yi bismilla ya yage cinya. Afaf ta bari sai da ya ci ya fara gumi, sannan ta sa hannu a ƙirjin rigarta ta ajiye kwalin kusa da farantinsa.

"Abban Karim, kai da ka iya karatun magani, duba min wannan. Ina jin masu kemis kuskure suka yi, suka sa shi a kwandon Sabrin. Kada a ba yarinya abin da ba nata ba."

Ya goge yatsu da burodi ya ɗauka. Ya daɗe yana karantawa. Ya ce wa Karim ya ɗauki Tuka su sauka ƙasa, ya jira har ƙarar ƙofa ta zo.

"Maganin zubar da ciki a gidan ubana."

"Ba na zubarwa ba ne, Yaya, wallahi hanawa yake—"

Marin ya kwantar da ita kan kwanon miya. Mama ta ɗora hannu a ka ta fara salati.

"Da wa?" in ji Ragab. "Mai babur ɗin? Ɗan hayan ƙasa? Da wa, don ubanki?"

Nan Sabrin ta ga inda aka kai ta. In ta yi shiru, mace ce mai idda da ta kwana da wani ƙato, kuma ta san me Ragab zai iya yi kafin la'asar. In ta faɗa, ta faɗa.

"Midhat ne."

Ragab ya zuba mata ido, ta ci gaba.

"Ƙarfi ya gwada min, Yaya. Na je ɗauko injin Tuka, uwarsa ta ce tana nan, ta fita ta rufe mu. Na yi ihu. Ka duba hannunsa za ka ga cizo."

"A ina?"

"A gidansa."

"Ɗauke ki aka yi a mota? Ƙafar wa ta hau benen?"

"Tuka ba ta numfashi, kai kuma ka ce gobe, ka ce gobe—"

"Oho. Laifina ne ke nan."

Mama ta sauke hannu daga ka, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. "Alhamdulillahi," ta ce. "Alhamdulillahi, ashe mijinta ne. Na ɗauka mun shiga uku."

Duk abin da aka yi mata tun jiya, wannan hamdalar ce ta sa Sabrin kuka.

Fushin Ragab kuwa, wanda ya san shi zai ga akwai sauƙi a ƙarƙashinsa. Wata biyu yana ɗauke da rantsuwar da ya yi a gidan shayi, ta fara yi masa nauyi, ga lauya, ga zirga-zirgar kotu, ga mitar Afaf kullum a kunne. Janyewa da kansa abin kunya ne. Yanzu ga shi an buɗe masa ƙofa, zai fita da girmansa, ya ce shi ya tsaya mata ita ce ta zame. Ya ciro waya ya fita baranda.

Da la'asar Midhat ya zo, jallabiya a goge, tiren kayan zaƙi a hannu, kawunsa mai carbi a gaba. Ya sumbaci kan Mama. Ya zauna a gefen kujera kamar baƙo mai kunya, hannunsa na dama cikin aljihu.

"Ni ban so maganar ta fito ba, Abban Karim," ya ce. "Tsakanin mutum da matarsa akwai sirri. Ta zo da kanta, zuciya ta yi laushi, shaiɗan ya ji kunya. Na ce bari in bar ta ta gaya muku da bakinta."

"Ai magana ta ƙare," in ji kawun, yana jan carbi. "A wajen malamanmu, wanda ya kusanci matarsa cikin idda ya mayar da ita, ko ya furta ko bai furta ba. Tun jiya matarsa ce. Mu shayi kawai muka zo sha."

Afaf ta shigo da shayin, har da na'ana'a.

Sabrin tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, kuncinta a kumbure. Ba wanda ya tambaye ta komai. Kwalin yana kan tebur tsakanin kofuna, da ɗigon miya a gefensa, idonta bai bar shi ba.

"Yaya," ta ce. "Yaya, na ji, zan bi shi. Ka ba ni maganin in sha a nan, sai in bi shi. Shi kaɗai na roƙe ka."

Ta riga ta yi lissafinta. In babu ciki, ko daga gidan Midhat wata rana za ta iya kai kanta kotu, da Tuka a hannu. Da ciki, da jariri a kafaɗa, ta san ba inda za ta.

"Kun ji ko?" in ji Ragab, yana kallon mazan. "A gabana take ciniki." Ya ɗauki kwalin da yatsa biyu ya miƙa wa Midhat. "Matarka ce. Abin da ke cikinta naka ne, ni ba ruwana."

Midhat ya karɓa da hannun hagu. Ya buɗe, ya zaro 'yar takardar da ke ciki, ya warware ta a gwiwa. Ya bi ta layi-layi, leɓunansa na motsi, kowa na jira. Bai taɓa karanta takardar maganin Tuka ba ko sau ɗaya, amma wannan har ƙananan rubutun ƙasa sai da ya bi.

"Kwana uku aka ce, ko?" ya tambayi Sabrin cikin taushi.

Ya ninke takardar yadda take, ya mayar, ya sa kwalin a aljihun ƙirji ya dafa shi.

Afaf ce ta haɗa mata kaya, da sauri, ba ta manta ko tsinke ba. A matakala Mama ta rungume ta ta raɗa mata cewa ta yi haƙuri, namiji ɗan lallashi ne, Allah ya sa wannan karon ɗa ne. Mazan gidan shayi suka ga fitowarsu, wani ya ɗaga kofi ya ce Allah ya ƙara danƙon ƙauna.

A gidan Midhat ba a dake ta ba. Ya karɓi wayarta ya ce za a gyara gilashin. In zai fita aiki ya kulle ƙofa ta waje ya ba uwarsa mabuɗi, tsohuwar ta hau ta zauna a falo tana kallon talabijin, tana kiran Sabrin 'yata. Kwando ma babu a barandar, an kwance igiyar.

Ranar Asabar ta birkice gidan tana neman kwalin. Aljihun riguna, ƙarƙashin katifa, bayan firji, cikin takalmansa, har tankin bayi ta buɗe. Tsohuwar tana jin motsinta, ta ƙara sautin talabijin. Da yamma Midhat ya dawo, kwalin na leƙowa daga aljihunsa, ya cire rigar ya kulle ta a durowa. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa, abin da ba ta yi ba ko ranar da ya fasa mata baki. Ya shafa kanta ya ce ta tashi, ƙasa da sanyi.

Lahadi da hantsi ta tsaya a taga tana tunanin ɗakin nan na asibiti, an cire kwaɗo, likita ta zo, mata na kan benci da katunansu. Ta ce wa tsohuwar ƙirjin Tuka ya tashi, a bar ta ta kai ta. Tsohuwar ta kalli yarinyar tana tsalle a kan kujera, ta ce ai ga inji nan. Litinin ta ce haƙori ke mata ciwo, aka ba ta kanumfari. Talata ce rana ta biyar, ta ƙarshe ga robar mahaifa. Ta yi wanki, ta yi shara, ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da buhun shinkafa har aka kira magariba.

Da Juma'a ta zagayo, da safe Midhat ya tashi da fara'a. Ya sauka da kansa ya sayo wake da ƙosai da burodi, ya ce yau ba mai wahalar da matarsa. Suka zauna su uku. Ya zuba mata shayi, ya ɗauko ɗan faranti, ya fito da kwalin, ya ɓalle ƙwayoyin biyu a kai, ya tura gabanta.

"Ga maganinki."

Ta kalli farantin.

"Ɗauki mana. Kuɗinki kika sa kika saya. Kada gobe ki je ki ce wa yayanki na hana ki magani, ni ba na hana mace abin da take so."

Tuka ta ɗago daga burodinta. "Mama, ba ki da lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji Midhat. "Ƙane za ta kawo miki, in Allah ya yarda."

Sabrin ta san lokacin ƙwayoyin ya wuce, ba abin da za su yi yanzu, shi ma ya san ta sani. Duk da haka ta tsince su, ta sa a baki, ta kora da shayin da ya ƙona mata harshe. Ya bi maƙogwaronta da ido har suka wuce. Sannan ya yi dariya, ya tura mata kofinsa ya ce ta ƙara masa sukari.